Harsasan Baba: sun mutu ko suna da rai?

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Wad Madani, ƙasar Sudan, 'ya'yana uku. Lokacin da faɗa ya shigo garin mun gudu Gadarif, a can Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Da muka dawo muka buɗe ɗakin ajiyarsa, wani ɗakin kwano da ke jingine da turken awaki, sai ga akwatinsa na ƙarfe cike da harsasan bindigarsa ta farauta. Wasu jajaye ne na takarda, sun kumbura. Wasu na roba ne, gindinsu ya yi tsatsa. Akwai kuma na tagulla da suka yi kore, waɗannan a tsakar gida aka tsince su aka zuba a ciki. Ruwan damina ya sha shiga ɗakin. Bindigar tana hannun Yayanmu, kuma yana so ranar ɗaurin auren autanmu a harba su, wai a ji muryar bindigar Baba ko sau ɗaya ne. Shi angon cewa ya yi sun mutu tuntuni, shara ce. Inna ta ce a bar mata su, kayan mijinta ne kuma zamani ya lalace. Jiya na ciro guda daga aljihun ɗana mai shekara 7. Na yi tunanin in kwashe su da dare in zuba a masai, ko in ƙone su da shara. Maigidana ya ce kada in shiga maganar maza. Shin harsashi yana mutuwa? Yaya zan yi ba tare da na ɓata zumunci ba?

'Yar'uwarku a Wad Madani

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa wahalar hijirar da ya rasu a cikinta ta zame masa kaffara, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. Tsoronki a kan hanya yake. Uwar da ta sa hannu a aljihun ɗanta ta ciro harsashi ba ta buƙatar izinin kowa kafin hankalinta ya tashi. Sai dai dabarun nan biyu na masai da wuta, ki ɗan ajiye su tukuna, zan zo kansu.

Kin tambaya ko harsashi yana mutuwa. Yana tsufa, yana lalacewa, amma ba ya mutuwa lokaci guda, kuma ba ya sanar da kowa ranar da ya mutu. A cikin akwatin nan guda, in da za a gwada su, wani zai tashi lafiya lau kamar jiya aka saye shi, wani ba zai ce uffan ba, wani zai yi shiru na ɗan lokaci sannan ya tashi, wani kuma zai tashi da rabin ƙarfi. Ba Yayanki ba, ko maƙerin bindiga ba zai iya duba su da ido ya rantse miki wane ne wane ba. Saboda haka angon da ya ce shara ce ya yi kuskure, Inna da take ganin kariya ce ita ma lissafinta bai fita ba, kuma dalilin guda ne.

Ga yadda abin yake. Harsashi kwanso ne da aka ɗura wa albarushi, aka toshe bakinsa da dalma, ko dunƙule guda ko ƙananan ƙwayoyi irin na farauta, sannan a gindinsa akwai wata 'yar hula ƙarama mai ɗauke da sinadarin da ke ba da tartsatsi idan allurar bindiga ta doke ta. Albarushin da ke cikin harsasan zamani ba irin na bindigar toka ba ne, wanda ake haɗawa da gawayi da kibiritu. Wannan da auduga ake yin sa, ko itacen da aka sarrafa, a jiƙa da asid. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da irinsa a 1884. Ba ya hayaƙi sosai kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma yana da hali guda: tun daga ranar da aka yi shi yake ruɓewa a hankali, yana fitar da wata iska mai asid, ita kuma iskar tana ƙara saurin ruɓewar. Shi ya sa masana'antu ke zuba masa wani sinadari da zai riƙa shanye wannan iska. Muddin sinadarin bai ƙare ba, albarushi na nan daram. Harsashin da aka adana a wuri mai sanyi, busasshe, yakan yi shekara 30, 40, har fiye, kuma ya tashi. Ranar da sinadarin ya ƙare, lalacewa sai ta kama gudu.

Abin da ke cinye sinadarin nan da wuri shi ne zafi. Masana haɗa sinadarai suna da wani ƙiyasi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan ninka saurin irin wannan ruɓewa, ko ma fiye. To ke kin fi ni sanin Madani a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Ɗakin kwano a rufe da tsakar rana ya wuce haka sosai, balle akwatin ƙarfe a cikinsa. Shekara guda a wannan ɗaki ta fi shekaru da yawa a ɗakin ƙasa mai sanyi. Rundunar ruwan Faransa ta koyi wannan darasi da tsada: jirgin yaƙinta Iéna ya fashe a tashar Toulon a 1907, wani mai suna Liberté ya bi sahu a tashar guda a 1911, duka biyun an ɗora alhakin a kan albarushin da ya tsufa ya kama da wuta da kansa, kuma rayukan da aka rasa sun kai ɗaruruwa. Ban kawo wannan don in hana ki barci ba. Waɗancan rumbuna ne na albarushi tan-tan a jibge. Ƙananan harsasai irin na Baba da wuya ƙwarai su kama da wuta haka kawai suna ajiye. Haɗarinsu yana ga hannun da zai taɓa su, da bindigar da za a sa su a ciki, da wutar da za ta iske su.

Sai danshi. Harsasan takarda, waɗanda su ne tsofaffin yayi kafin na roba su fara yaɗuwa wajen 1960, suna shan laima su kumbura, har su ƙi shiga bindiga, ko su shiga da ƙyar su maƙale. Na roba sun fi jurewa, amma gindinsu da yake ƙyalli kamar tagulla galibi ƙarfe ne da aka yi wa rufi, shi ya sa kika ga tsatsa. Ko ruwa bai taɓa akwati ba, zafin rana da sanyin dare suna sa shi gumi daga ciki, laimar kuma ta bi ta gefen 'yar hular nan ko ta bakin kwanso ta shiga. Hular da ta sha laima ita ce ke kawo harsashin da ya ƙi tashi, ko wanda ya yi jinkiri.

Maganar turken awaki da kika ambata a wucewa, ita ta fi ɗaukar hankalina. Sojojin Ingila a Indiya sun daɗe suna mamakin yadda kwanson harsasansu na tagulla ke tsagewa da damina, har suka ɗauka laifin yanayi ne. Sai a 1921 bincike ya bayyana dalili: da damina a bargar dawakai suke ajiye kayan, kuma amoniyar da ke tashi daga fitsarin dawaki, wannan zarnin mai hawa kai, ita ke cin tagullar ta tsaga ta, musamman a wuyan kwanso inda aka matse shi ya riƙe dalma. Fitsarin akuya ma amoniya yake fitarwa. Tsagar kan yi siririya kamar gashi, sau da yawa ba a ganinta sai an harba, kwanso ya buɗe, iska mai zafi ta dawo wa mai harbi a fuska. Koren da kika gani a jikin na tagulla alama ce cewa ƙarfen ya fara ciwo, wani lokaci daga waje, wani lokaci kuma asid ɗin albarushin ne ya ci ya fito daga ciki. In kin ji wani wari mai yaji da aka buɗe akwatin, ko kin ga jan gari kamar tsatsa a ƙasansa, to albarushin wasunsu ya riga ya ruɓe.

Yanzu ki hango ranar biki. Ƙofar gida cike, yara na kutsawa tsakanin ƙafafun manya, Yaya ya ɗaga bindiga sama ya ja kunama, sai ƙas, shiru. Me mutum ke yi a nan? Sauke bindiga yake yi ya duba, ko ya juya yana dariya yana cewa ta ƙi. To harsashin da ya yi jinkiri a daidai wannan lokacin yake tashi, bakin bindiga yana kallon jama'a. Maharba da suka san aikinsu in haka ta faru sukan bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, su ƙirga aƙalla daƙiƙa 30 kafin su buɗe. A cikin guɗa da kiɗa da turereniya wa zai tsaya ƙirga? Ɗaya haɗarin kuma shi ne harsashi mai rabin ƙarfi: ya yi 'yar ƙara, abin da ke cikinsa ya tafi rabin bututu ya tsaya. A hayaniya ba za a lura ba, a sa na biyu a harba a kan toshewa, bututun ya kumbura ko ya tsage a daidai inda hannun hagu ke riƙe. Na tagullar nan da aka tsinta kuwa ba na bindigar farauta ba ne ma. In wani ya kawo bindigar da ta dace da su aka harba sama, dalmar da ta hau sai ta sauko, kuma tana saukowa da ƙarfin da zai huda kwano ya huda kai. An yi jana'iza da yawa a ƙasar nan washegarin biki saboda haka.

Duk da haka kada ki ɗauki Yayanki a matsayin mai ganganci. Mahaifinsa ya rasu a garin da ba nasa ba, wataƙila ba a yi masa irin jana'izar da za a yi masa a unguwarsu ba, kuma ga auren auta ya zo babu uba. Yana neman hanyar da zai sa Baba ya halarci bikin ne. Wannan buƙata ce ta gaskiya, hanyar ce ba ta yi ba. In kika tunkare shi da cewa zai kashe mutane, zai ji kin raina shi a matsayinsa na babba, sai ya kafe. Ki same shi shi kaɗai, bayan la'asar, ki fara da abin da kika ciro daga aljihun ɗanki, ki ajiye maganar biki a gefe. Ki ce, Yaya, kai ne ubanmu yanzu, ga abin da na gani, na kasa barci. Daga nan ki faɗa masa abin da zafi da laima da turke suka yi wa kayan, ki tambaye shi ko Baba, da ya san bindiga, zai yarda ya sa kumburarren harsashi a bindigarsa a tsakiyar mutane. Maharbi na gaske ba ya yi, kuma Yaya ya san haka. Sannan ki zo masa da madadi a hannu: a yi saukar Alƙur'ani da sunan Baba kafin ɗaurin aure, a yanka abin da ya sawwaƙa a yi masa sadaka, ango ya sa rawanin Baba ko jallabiyarsa ranar. Idan akwai malamin da yake jin maganarsa, a tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi rauni. In an ce haka a kan kibiya, ina ga bindiga a taron biki.

Inna kuma a bi ta a hankali, ita ce ta fi kowa rashi. Abu biyu ta faɗa, kowanne da amsarsa. Na kariya, ki nuna mata cewa abin da ba a san zai tashi ko ba zai tashi ba, ba ya kare kowa. Wanda ya fito da bindiga gaban ɗan fashi ta ƙi tashi ya fi wanda bai fito da komai ba shiga haɗari. Ga kuma halin da ake ciki: gidan da aka yi bincike aka samu harsasai irin na soja, ba a tsayawa sauraron labarin tsintuwa, kuma samarin gidan ne za su amsa tambayoyi, ciki har da angon. Wannan ita ce maganar da za ta fi shiga zuciyar uwa. Na kayan miji kuwa, ba wanda ya ce a raba ta da su duka. Akwatin kansa, bayan an kwashe abin da ke ciki an wanke shi, nata ne. Jakar farautarsa, wuƙarsa, carbinsa, duk suna nan.

Auta bai buƙatar dogon bayani. A gaya masa kawai ya daina cewa shara ce a gaban yara, domin yaron da ya ji babba ya ce abu ya mutu zai ɗauki dutse ya gwada. 'Yar hular nan duka take jira, ba ruwanta da ko allurar bindiga ce ko ƙusa.

Maigidanki yana gudun kada a ce matarsa ta raba kan 'yan'uwanta, kuma ba laifi ba ne mutum ya guji haka. Amma ɗansa ne aka samu da harsashi a aljihu. Kayan kuma gado ne, kina da haƙƙi a cikinsu kamar yadda shari'a ta ba ki, don haka ba kutse kika yi ba. Ki roƙe shi abu ɗaya: ya raka ki wurin Yaya, ko da ba zai ce komai ba.

Mu dawo kan masai da wuta. Harsashin da aka jefa a wuta ba ya tafiya kamar wanda ya fito daga bindiga, tunda babu bututun da zai matse shi, amma kwanson yana fashewa, ɓarɓashinsa da 'yar hular suna tartsatsi, kuma sun isa su tsiyaye ido ko su yanka fuskar wanda ke kusa. Ga ƙarar da za ta tayar da unguwar da ba ta gama farfaɗowa daga jin harbi ba, ta jawo muku waɗanda ba ku gayyata ba. Masai kuwa ba ya kashe harsashi da tabbas, kin dai miƙa matsalar ga wanda zai zo yashe ramin wata rana. Haka binnewa, haka jefawa a kogi ko a magudanar gona, inda dalma za ta zauna a ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Kada kuma a shanya su a rana wai su bushe, kada a kankare tsatsar da wuƙa, kada a shafa musu mai, kada a ce za a farke su a zubar da garin. Sannan yin abin a ɓoye da dare zai bar miki tabon da ya fi na harsasan daɗewa: Inna za ta ce an sace mata kayan miji, Yaya zai ce an zagaye shi.

Abin da za ki yi yau, tun kafin kowa ya amince da komai, shi ne ki sa kwaɗo a ƙofar ɗakin nan, makulli ya zauna a hannun Inna. Wannan ba ya buƙatar taron dangi, kuma ba ta makullin zai nuna mata ba ƙwace ake shirin yi ba. A kawar da kalanzir, gawayi, tukunyar gas da duk abin wuta daga kusa. Bindigar ta ci gaba da zama a wani gidan, nesa da akwatin. Ki zauna da yaranki ki tambaye su cikin lallashi, ba da tsawa ba, ko akwai sauran da suka ɓoye ko suka ba abokai, domin yaron da ya ɗauki guda da wuya a ce guda ɗin ne kawai. Ki wanke musu hannu da sabulu. In kin san ɗanki yana sa abu a baki, ko kina zargin ya haɗiyi ƙwayar dalma, ki kai shi asibiti ki faɗa wa likita, domin dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro kuma ba ta nuna alama da wuri.

Fitar da su daga gida kuma ta hannun hukuma za a yi, amma da tsari. Kada wani ya zuba su a buhu ya hau raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya nufi ofishin 'yan sanda, ya je ya faɗa shingen bincike da harsasai a hannu. Yaya ya tafi hannu rabbana, tare da mai unguwa ko limaminku, da takardar rasuwar Baba da lasisin bindigar in yana nan, ya ba da rahoto cewa ga abin da aka tarar a kayan mamaci, a zo a ɗauka ko a faɗa masa yadda za a kai. Ya nemi a ba shi takardar shaidar karɓa, ya adana ta. A wannan zuwan ne zai tambayi matsayin bindigar, domin dokar makamai da harsasai ta Sudan ta 1986 ta sa riƙe bindiga sai da lasisi, lasisin kuma da sunan Baba aka yanke shi. In magada sun yarda Yaya ya riƙe ta, a yi mata kuɗi a cikin rabon gado, ya nemi takarda da sunansa, ya kai ta wurin wanda ya san gyaran bindiga ya duba bututun, don ita ma ta sha shekaru ba a kula da ita ba.

Tunda kun tsinci na tagulla a tsakar gida, ku ɗauka akwai yiwuwar wani abin ya rage a bayan ɗaki, a kan rufi, ko cikin ciyawar da ta tsiro bayan tafiyarku. Duk abin da na faɗa a sama a kan ƙananan harsasai ne. In kuka ga ƙarfen da ya fi yatsa girma, mai fiffike a wutsiya, ko mai kama da gwangwani ko ƙwallo, wannan wani babi ne daban: yana iya tashi da ɗan motsi kaɗan, kuma tsufa da zafin rana ƙara masa saurin fushi suke yi. Ba a ɗagawa, ba a turawa da sanda, ba a zuba masa ruwa, ba a share kusa da shi. A sa alama daga nesa, a fitar da yara, a sanar da 'yan sanda ko Cibiyar Kawar da Nakiyoyi ta Ƙasa, wadda ke aiki tare da sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fanni. Kada a ƙona ciyawar gidan ko tarin shara kafin babba ya zagaya ya duba da ido.

In kin yi duk wannan Yaya ya ce shi dai sai ya harba, to ki je wurin kawunku ko wanda zai karɓa wa ango aure, ki faɗa masa, domin dangin amarya ma suna da haƙƙin a tsare musu rayukan baƙinsu, kuma Yaya zai ji kunyar surukai fiye da yadda zai ji taki. In hakan ma bai yi ba, ki sanar da shi tun kafin ranar, cikin ladabi, cewa ke da yaranki za ku zauna a cikin gida wurin mata har a gama abin da za a yi a waje, kuma ki gaya wa sauran iyaye mata dalilinki don su ma su riƙe nasu. Allah Ya sa a yi biki lafiya, Ya ba ango da amarya zaman lafiya.